Yatsun da suka ƙi ɗagawa: nazarin lamarin wani tela a Katsina

Mutumin tela ne, shekarunsa 46, yana da shago a cikin birnin Katsina da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Shi ne mai yanka. Duk shaddar da aka kawo, shi zai auna, ya zana da alli, ya yanka, sannan yara su hau keke. An turo shi sashenmu na gashi, wato sashen motsa gaɓɓai na asibiti, da 'yar takarda mai layi biyu, wai ya samu ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, a taimaka masa da motsa hannun dama. Sunansa da unguwarsa na sakaya su.

Da na tambaye shi abin da ke damunsa, bai ko ambaci shanyewa ba. Cewa ya yi, "Likita, almakashi nike son buɗewa in kasa. Rufewa lahiya lau, in na damƙe shi yana cin yadi. Amma in ɗaga babban yatsa ya buɗe baki, sai na sa hagu na taimaka mashi." Ya ƙara da cewa in ya zauna tahiya, yatsan da ya saba ɗagawa ya daina tashi, sai dai ya ɗan yi rawa a kan cinya.

Yadda abin ya faro

Wata biyar ke nan, in ji shi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne suka fara sunkuyawa, in ya miƙe hannu sauran su tashi, su kuwa su tsaya a ƙasa. Bai damu ba tunda aiki bai tsaya ba. Bayan kamar wata biyu na tsakiya ya bi su, sai na nuni, babban yatsa ne ya zo ƙarshe. Bai faɗi ba, bai bugu ba, bai taɓa karaya a hannun ba. Babu dindiris, babu tsira-tsira, fata tana jin zafi da sanyi yadda ta saba. Ciwo ɗaya da ya iya tunawa shi ne wani ɗan nauyi a naman hannu, ƙasa kaɗan da gwiwa ta ɓangaren waje, wanda kan taso da yamma in an sha yanka.

Kafin ya iso gare mu ya bi hanyar da kusan kowa ke bi. Mai kemis ya ce sanyi ne, ya yi masa allurai na bitamin, ya haɗa masa ƙwayoyin kashe ciwo alhali ba ciwo ne ya kai shi ba. Yayansa ya kai shi wurin wanzami aka kafa masa ƙaho a bayan hannu, tabon tsagar yana nan a jere. Wani mai ɗori ya ce tsohon targaɗe ne ya motsa, ya ja hannun, ya shafe shi da man shanu, ya ɗaure tamau na mako guda. A gida an yi tofi, an sha rubutu, uwargida kuwa ta fi karkata ga cewa da sa hannun mahassada, don shagon yana samun ciniki. Daga ƙarshe a wani ƙaramin asibiti aka auna jininsa aka samu 150 bisa 95, aka haɗa hawan jinin da raunin hannun aka ce shanyewa ce, aka ɗora shi a kan maganin hawan jini da asfirin.

Wanda ya yi wannan zato ba daga sama ya tsinto shi ba. Akwai wata irin shanyewa da ke taɓa ɗan wurin da ke sarrafa hannu kaɗai a ƙwaƙwalwa, ta bar fuska da ƙafa da harshe lafiya lau. Sai dai ita farat ɗaya take zuwa, mutum ya kwanta lafiya ya tashi da ita, ko ta same shi yana tsaka da aiki. Duk wanda hannunsa ya mutu haka kwatsam, asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba. Amma raunin da ke bin yatsu ɗaya bayan ɗaya cikin watanni, hankali ya fi kwanciya da cewa wani abu ne ke girma a hankali yana matse jijiyar laka, wato wadda ke kai umarni ga tsoka.

Abin da gwaji da hannu ya nuna

Na sa shi ya miƙe hannayensa biyu gaba, tafin yana kallon sama. Ido ba zai kama wani bambanci ba, domin nauyin yatsun da kansa yana buɗe su. Shi ya sa a gida ake ta musu ko ya samu sauƙi, tunda in ya ɗaga hannu yana addu'a ba a ganin komai. Da ya kife hannun sai abin ya fito fili: yatsu biyar na dama sun rataya tun daga tushensu.

Sai na ce ya ɗaga wuyan hannun. Ya ɗaga, da ƙarfinsa ma, amma a karkace. Maimakon ya tashi sak, sai ya zame zuwa ɓangaren babban yatsa. A duk gwajin ranar babu abin da ya kai wannan karkatar muhimmanci. Tsokar bayan damtse lafiya take, ya miƙe gwiwar hannu ina turawa bai lanƙwashe ba. Tsokar nan da ke kumburowa a gefen sangalin hannu in mutum ya lanƙwasa gwiwa babban yatsa yana sama, ita ma tana tashi sosai. Na tokare masa tushen yatsun da tafina na ce ya miƙe kawunansu, ya miƙe su tsaf har shi kansa ya yi mamaki. Ba abin mamaki ba ne, ƙananan tsokokin cikin tafi ne ke wannan aikin, kuma wasu jijiyoyi daban ne ke ba su umarni. Na bi bayan hannun da auduga da tsinin allura, musamman fatar da ke tsakanin babban yatsa da na nuni, yana ji daidai da na hagu. Fuska daidai, magana daidai, tafiya daidai. A ma'aunin ƙarfin tsoka da ake lissafawa daga 0 zuwa 5, masu ɗaga yatsu suna kan 1, wato ana jin motsi a naman amma gaɓa ba ta tashi. Wuyan hannu yana kan 4.

Akwai wani ɗan gwaji da bai cin minti ɗaya. Na ce ya saki jiki, na lanƙwasa wuyan hannun ƙasa da kaina, sai yatsun suka miƙe da kansu. Wannan ya nuna igiyoyin tsoka da ke jan yatsu ba su tsinke ba. Masu amosanin gaɓɓai mai kumburi igiyoyin nan kan tsinke musu a bayan wuyan hannu, su ma daga ƙaramin yatsa abin kan faro, kuma maganin wancan daban ne ƙwarai.

Daga nan na jera sangalin hannayen biyu ina lalubawa. Kamar faɗin yatsu huɗu ƙasa da gwiwar dama akwai wata cika da babu ita a hagu, mai laushi, ba zafi, ba ta bugawa da bugun zuciya, can ƙarƙashin nama take. Na tambaye shi ko ya san da ita. Ya ce ya sani mana, shi a zatonsa ƙwanjin aiki ne tunda hannun almakashi ne.

Inda aka danne jijiyar

Mai gyaran wuta in an kira shi, kafin ya hau falwaya yakan tambayi gida nawa ne ba wuta. In unguwa ce duka, taransifoma zai nufa. In layi ɗaya ne, sai ya nemi inda wayar layin ta rabu da babbar waya. Haka ake karanta jijiyar laka: tsokokin da ke aiki da waɗanda suka kwanta su ne ke faɗa maka inda matsalar take, tun kafin a ɗauki hoto.

Manyan jijiyoyin laka uku ne ke sauka har tafin hannu, midiyan da alna da radiyal, dukkansu daga saiwoyi biyar da ke fitowa daga laka a wuya. Radiyal ce mai kula da miƙewa da ɗagawa. Tana ratsa hammata, ta kewaya ta bayan ƙashin damtse a manne da shi, ta ba tsokar bayan damtse rabonta, ta ba tsokar gefen sangali, ta ba ɗaya daga cikin masu ɗaga wuyan hannu, wadda ke ja ta ɓangaren babban yatsa. Duk wannan kafin ta wuce gwiwa. A daidai gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi ta sama-sama ya tafi fatar bayan hannu, aikinsa ji kawai. Ɗayan ya nutse cikin nama, shi ne mai ba da umarni ga masu ɗaga yatsu, da masu ɗaga babban yatsa, da tsokar da ke jan wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Wannan reshen na ciki ba ya kai ji ga fata ko kaɗan.

In ka ɗora wannan a kan telan namu, komai ya zauna. Damtse lafiya, don haka matsalar tana ƙasa da damtse. Fata tana ji, don haka reshen sama bai taɓu ba. Wuyan hannu yana tashi saboda mai jansa ta ɓangaren babban yatsa ta karɓi rabonta tun sama da gwiwa, yana karkacewa kuma saboda abokiyar aikinta ta ɗaya ɓangaren ta kwanta. Reshen ciki ne kaɗai aka danne.

Reshen nan yana bin wani matsattsen lungu mai tsawon kusan santimita 5 daga gaɓar gwiwa zuwa ƙasa, inda akwai wurare biyar da aka san yana iya maƙalewa. Wanda ya fi yawa shi ne bakin tsokar da ke juya tafi ya kalli sama, wadda ake kira sufineta. Jijiyar tana shiga ta ƙarƙashin wani lanƙwasasshen baki na tsokar, wanda Bajamushen masanin ƙirar jiki Fritz Frohse ya siffanta a 1908, har ake kiran wurin da sunansa. A 1968 likitan hannu ɗan Amurka Morton Spinner ya nuna cewa a kusan kashi 30 cikin 100 na manya bakin nan yana da tauri irin na igiyar tsoka, alhali a jarirai nama ne mai laushi. Daga nan aka fahimci cewa yawan juya hannu cikin shekaru yana iya taurara shi. Idan kuma wani ƙullutu ya taso daga ƙasa ya tura jijiyar ta haɗu da wannan baki mai tauri, ba ta da wurin gudu. A cikin ƙulluttukan da ke haddasa hakan, na kitse ne aka fi samu, sai ƙullutun ruwa na gaɓa, sai kumburin amosani. Karayar sangali da ta zo da gocewar kan ƙashi a gwiwa ita ma tana yi, musamman in an ɗaure an bar gocewar a haka.

Abubuwan da sai da aka kawar

A ƙasarmu duk hannun da ya raunana ba ciwo, dole a tuna da kuturta. Mutanen Katsina sun san tarihin Babbar Ruga, inda aka daɗe ana jinyar masu kuturta. Amma kuturta ji take fara ɗaukewa, tana barin tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, jijiyoyin da ta kama kuma sukan yi kauri har a ji su da yatsa a gwiwa. Shi ba shi da ko ɗaya. Gubar dalma ma tana sunkuyar da wuyan hannu a manya, kuma tun abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, muna tambayar mutum ko yana aikin ma'adinai ko fasa batir. Ita dai takan kama hannu biyu, ta zo da ciwon ciki da ƙarancin jini. Dannewar saiwar jijiya a wuya takan zo da ciwon wuya mai sauka hannu. Akwai kuma kumburin jijiya da likitoci biyu na Ingila, Parsonage da Turner, suka bayyana a 1948, mai farawa da azababben ciwon kafaɗa na kwanaki kafin rauni ya biyo baya. Bai yi wannan ciwon ba. Wanda ya yi barci mai nauyi hannu a rataye a kan benci, ko mai dogara sandar hammata, ko wanda aka yi wa allura a damtse ba a daidai ba, radiyal ɗin gaba ɗaya ake dannewa tun sama, sai wuyan hannu ya faɗi duka, fata ma ta yi dindiris. An gwada sugansa, lafiya lau.

Na tura shi wurin likitan ƙashi da bayanin abin da na gani. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Sikanin, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita, ya nuna ƙullutu mai kama da kitse a zagayen wuyan ƙashin sangali, jijiyar ta hau kansa ta yi kauri kafin wurin matsin. Mutane da yawa ba su san wannan na'ura tana ganin jijiya ba, tana gani kuwa in an samu mai hannu. Saboda ƙullutun yana can ciki, likitan bai yarda a yanka ba sai an yi hoton em-ar-ai mai nuna cikin nama dalla-dalla, don ƙullutu mai zurfi ko wanda ya haura santimita 5 ana son a tabbatar ba na daji ba ne. Hoton ya nuna kitse zalla mai iyaka, tsawonsa kusan santimita 4. Gwajin lantarki na jijiya da tsoka kuwa sai da ya yi tafiyar kusan kilomita 170 zuwa Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suke, can ne aka saba tura irin waɗannan lamurra masu wuya. Sakamakon ya tabbatar da abin da hannu ya riga ya faɗa: reshen ji lafiya, tsokokin reshen ciki sun rasa jijiya, amma da saura, ba ta mutu duka ba.

'Yan uwan wannan matsala

Dannewar da aka fi sani ita ce ta midiyan a wuyan hannu, mai tashin mata masu ciki da masu suga cikin dare suna yarfe hannu, sai ta alna a gwiwa. Sauran ba su cika zuwa ba, shi ya sa ake kuskure su. Wannan reshen na ciki da muke magana, wani lokacin ciwo kawai yake bayarwa ba rauni, a daidai inda telan ke jin nauyi. Likitoci biyu, Roles da Maudsley, ne suka ja hankali a kansa a 1972, a wurin mutanen da aka daɗe ana yi wa maganin ciwon ƙashin gwiwa na waje bai ji ba. Bambancin ɗan taƙi ne: wancan a kan ƙashin ake jin zafi, wannan ƙasa da shi a cikin nama.

Midiyan ma tana da nata reshen ciki marar ji. In ya kwanta, mutum ba zai iya haɗa kan babban yatsa da na nuni su yi zobe ba, sai su haɗu a shimfiɗe. Mai ɗinkin hula ko mai aikin wuyan riga shi zai fara lura, don allura ba za ta tsintu ba. Likitoci biyu, Kiloh da Nevin, suka rubuta shi a 1952, kuma yanzu masana da yawa suna ganin galibinsa kumburin jijiya ne ba matsi ba, don haka ba a gaggawar wuƙa, ana jira watanni. Wani lokacin kuma midiyan ɗin duka ake matsewa a tsokar da ke kife hannu, kusa da gwiwa, sai ta yi kama da ta wuyan hannu, amma tsakiyar tafi ma yana dindiris, kuma ba ta cika tashin mutum da dare ba. 'Yan acaɓa da masu keke da ke wuni tafi a danne kan kan babur, alna ce ke shan wahala a wata 'yar kafa ta gindin tafi da Bafaranshe Guyon ya siffanta a 1861. Reshen ji na radiyal kuwa agogo mai matsi ko ankwa ko kambun da aka ɗaure tamau ya ishe shi, sai bayan babban yatsa ya yi ta raɗaɗi ba tare da rauni ba. Mafi yawan waɗannan, cire abin da ke matsin da sauya yadda ake aiki shi ne rabin magani.

Gardamar lokaci

Da babu ƙullutu, ƙa'ida ita ce a sa matokarin hannu, a rage aikin juya hannu, a jira kamar wata uku, in ba alamar dawowa sannan a buɗe a duba. Amma in an ga abin da ke dannewa da ido, jira ba shi da amfani, kitsen ba zai narke da kansa ba. Likitan ya ba da rana a ƙarshen Sha'aban.

Nan aka ja daga. Ga tela, watan azumi shi ne kakarsa, daga nan har Babbar Sallah ba hutu. Ya ce a bari sai bayan layya. Yayansa da ya rako shi tsoronsa daban ne. "Likita," in ji shi, "yanzu dai hannun yana damƙa, yana cin tuwo da shi. In an shiga da wuƙa aka taɓa jijiyar ya mutu gaba ɗaya fa?"

Tambayar tana kan hanya, kuma ba a ɓoye musu ba: ana iya raunata jijiyar a wurin aiki, ciwon yana iya ruɓa, ana iya yin komai daidai ƙarfin bai dawo duka ba. Amma sai muka yi lissafi tare a bayan takardar. Jijiyar da aka danne har zarenta na ciki ya lalace, in an sake ta tana tsirowa ne da kusan milimita 1 a rana, wato kusan inci ɗaya a wata. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada. In ta yi wata 12 zuwa 18 babu jijiya, wurin da suke haɗuwa yana lalacewa, naman ya koma tabo da kitse, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta tarar da mai amsawa ba. A lokacin ya riga ya ci wata shida. In an ƙara kusan huɗu na jiran layya, goma ke nan, sannan a fara ƙirga watannin tsirowa. Telan ya yi shiru yana kallon lissafin. Abin da ya karya gardamar a ganina ba lissafin ba ne, yayan ne da kansa ya juya ya ce masa, "Kai da ba ka iya buɗe almakashi, wane yanka za ka yi da azumin? Ai yaron nan naka ke yi tun tuni." Ya ce, "Haka ne, Yaya."

Tiyata da abin da ya biyo baya

Bisa rahoton likitan, an shiga ta gaban sangali, aka fara nemo jijiyar a sama inda take lafiya, aka bi ta a hankali zuwa wurin matsin. An tarar da ita a shimfiɗe a kan ƙullutun, ta baje a daidai bakin sufineta. Aka yanke bakin mai tauri, aka ɗaga jijiyar gefe, aka ciro kitsen a dunƙule cikin jakarsa. Ba a yanke jijiyar ba, ba a yi mata ɗinki ba. Ɗakin gwaji ya tabbatar kitse ne marar illa. Bayan mako biyu aka cire zare ya dawo hannunmu.

Aikin gashi a wannan mataki ba shi da armashi, kuma gara a faɗa wa majiyyaci gaskiya tun farko. Ba mu ne ke tsirar da jijiya ba. Namu shi ne mu tsare hannun kada ya lalace kafin ta iso. Yatsun da suka daɗe a sunkuye gaɓoɓinsu kan ƙage, tsokokin da suka kwanta kuma su yi ta miƙewa har su saki. Aka yi masa matokari mai robobi da ke ɗaga tushen yatsu da babban yatsa, in ya damƙa robobin su ba shi hanya, in ya saki su mayar da yatsun sama. Da dare akwai wani na kwana marar roba. Aka koya masa ya riƙa miƙe kowace gaɓa da hagu bayan kowace salla, don wannan lokacin ne ba ya mantawa. Muka ba shi shawarar almakashi mai sifirin, irin wanda ke buɗe kansa, ya koma yanka ƙananan abubuwa tun kafin ƙarfi ya dawo.

Ya so a riƙa sa masa na'urar lantarki kullum, kamar yadda majiyyata da yawa ke so, don ita ce ake ganin nama yana tsalle. Ni ban ɗauke ta da girman da ake ba ta ba, hujjar cewa tana hanzarta dawowar jijiya ba ta da ƙarfi, kuma tana sa mutum ya yi sakaci da aikin gida. Allurar bitamin ma mun ce ya bari. Wanda ba shi da ƙarancinsa ba ta ƙara masa komai, bitamin B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Ƙwayoyin kashe ciwo da ya daɗe yana sha ba dalili, ciki da ƙoda suke ci.

Wata biyu suka wuce ba abin da ya motsa. Ya zo ransa a ɓace, ya ce mutane suna cewa an yanka shi a banza. Wannan shi ne lokacin da aka fi rasa majiyyata, su koma wurin mai ɗori a sake ɗaure hannun. Na sake zana masa hanyar jijiyar a kan fatarsa da biro, na nuna masa inda ya kamata ta kai a lissafi. A cikin wata na uku, kafin ido ya ga komai, na ɗora yatsa a kan naman bayan sangali na ce ya gwada ɗagawa, sai na ji ya yi tauri fiye da da. Daga nan abin ya bi tsarin da ƙirar jiki ta tanada: tsokokin da ke kusa da wurin matsin su ne suka fara farfaɗowa. Wuyan hannu ya daina karkacewa, yatsun tsakiya suka tashi, ƙaramin ya biyo. Ɗaga yatsan nuni shi kaɗai da ɗaga babban yatsa sun yi jinkiri, don rassansu sun fi nisa. A wata na shida yatsu huɗu suna kan 4, babban yatsa yana kan 3.

Da ya makara har tsokokin suka mutu, da sauran dabara, amma ta fi tsada da wahala. Ana ciro igiyar ɗaya daga cikin tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu a karkatar da ita ta baya a ɗinke ta da masu ɗaga yatsu, a ɗauki wata siririya a ba babban yatsa. Hannun yana buɗewa, mutum ya koma aiki, sai dai yatsun tare suke tashi, kuma sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa cewa tsokar da ta saba lanƙwasawa yanzu ɗagawa take.

Da shekara ta zagayo, yatsu huɗu sun kusa daidai da na hagu. Babban yatsa yana kan 4: in ya kife tafi a kan tebur yana ɗaga shi, amma bai kai tsayin na hagu ba, kuma in yanka ya yi yawa yakan gaji, sai ya koma wa mai sifirin. Mai yiwuwa haka zai tsaya. Likitan da ke duba shi ya tsayar da asfirin tunda babu shanyewa, maganin hawan jini kuwa yana ci gaba da sha don awon ya sake nuna yana da shi. Ƙullutun kitse in an cire shi duka bai cika dawowa ba, amma an ce masa in ya ji cika a wurin ko wani yatsa ya sake sunkuyawa, ya zo a sake sikanin ba tare da jiran ranar da aka rubuta masa ba.